Bara na ci tamodainamiks, bana ya kayar da ni: wanne ne na gaskiya?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen fiziks, a wata jami'a a nan Arewa. Bara mun yi kwas ɗin tamodainamiks, ilimin zafi da aiki, na ci da maki mai kyau har ƙawayena na zuwa ɗakina in yi musu bita. Bana aka kawo mana tamodainamiks na ƙididdiga, mai lissafin ƙwayoyin da ke cikin abu, tes na farko na tashi da 7 cikin 30. Ranar farko lakcaran ya ce mu manta da na bara, wai wannan ne na gaskiya. Yayana kuma injiniya ne, ya ce duk shekarun da ya yi yana aiki da injuna bai taɓa buƙatar wannan lissafin ba, ɓata lokaci ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai, bara an ce doka ta biyu, wadda ta ce zafi ba ya tafiya da kansa daga mai sanyi zuwa mai zafi, ba ta karyewa, bana kuma an ce wai maganar yiwuwa ce kawai. To wa ya yi mana ƙarya? Har yanzu ban gaya wa Baba sakamakon ba, don da ƙyar yake haɗa kuɗin makarantar. Ina tunanin in nemi canjin sashe. Me za ka ce?

Ɗaliba mai damuwa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ki ajiye maganar canjin sashe tukuna. Kan da ya ci jarrabawar bara shi ne dai a wuyanki, bai canza ba. Abin da ya canza shi ne irin aikin da ake so ki yi da shi, kuma daga wasiƙarki na fahimci babu wanda ya zaunar da ke ya gaya miki haka. Ba wanda ya yi miki ƙarya. Malaminki ya zuzuta nasa fiye da kima, kamar yadda malamai kan yi a ranar farko don su ja hankalin aji. Yayanki kuma ya faɗi gaskiyar wajen aikinsa ne ya ɗauka ita ce gaskiyar ko'ina.

Na bara, wanda ake kira na gargajiya, an gina shi ne a kan abin da za a iya aunawa daga waje: matsi, girman fili, awon zafi, yawan zafin da ya shiga da aikin da ya fito. Bai damu da abin da ke cikin tukunyar ba. Ki dubi yadda ya faro. A 1824 wani injiniyan soja na Faransa, Sadi Carnot, yana ɗan shekara 28, ya tambayi kansa iyakar aikin da injin tururi zai iya bayarwa. A lokacin Carnot yana lissafi ne a kan cewa zafi wani abu ne mai gudana, marar nauyi, da ke kwarara daga mai zafi zuwa mai sanyi. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Amma sakamakon da ya fitar yana nan daram har gobe: iyakar ingancin inji ta dogara ne a kan awon zafin inda ya ɗebo da awon zafin inda ya zubar, ba ruwanta da ko tururi ne a ciki ko iska. Injin da ke karɓar zafi a digiri 500 yana zubarwa a digiri 30, ki mai da su Kelvin, 773 da 303, ba zai wuce kashi 61 cikin ɗari ba ko wane gwani ne ya ƙera shi. Daga baya James Joule a Manchesta ya nuna da gwaje-gwajensa na shekarun 1840 cewa aiki na komawa zafi bisa ƙayyadadden awo, William Thomson ya kawo sikelin zafi mai farawa daga sifili na ainihi a 1848, Rudolf Clausius ya tsara doka ta biyu a 1850, sannan a 1865 ya raɗa wa entirofi suna.

Mutum ya yi kuskure a kan mene ne zafi, amma ya dace da iyakar inji. Ƙarfin wannan ilimi ke nan, kuma a nan ne iyakarsa take. Yana ba ki dangantaka tsakanin abubuwan da kika auna, ba ya ba ki lambobin kansu. Ki tuna yadda kuke yin tambayoyin bara: ko da yaushe ana ba ku wani adadi a gindin tambaya, ko a ce ku duba tebur a bayan littafi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul (ma'aunin kuzari) 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga ina lambar ta fito? Wani ne ya auna. Mol ɗaya (wani ƙayyadadden adadin ƙwayoyi) na iskar hiliyam a rufaffen mazubi yana buƙatar jul 12.5 a kan kowane digiri, na naitirojin 20.8. Me ya sa suka bambanta? Na gargajiya ba shi da ta cewa, sai dai ya ce miki ki auna ki kawo masa, zai gaya miki abin da za ki yi da su. Yayanki yana da teburin tururi da na iskar firji, wasu sun riga sun auna masa, shi ya sa yake ganin ba ya buƙatar komai bayan wannan. A wajen aikinsa kuwa haka ne.

Na bana ya ɗaga murfin tukunyar ne. Ya ce abu ƙwayoyi ne, atam da molakul, kowace na motsinta. Matsalar ita ce yawansu. Giram 18 na ruwa, abin da bai fi babban cokali da 'yar ɗoriya ba, yana ɗauke da molakul 6.022 × 10^23. Ba ke ba, duk kwamfutocin duniya ba za su iya bin sawun kowace ɗaya ba. Sai masana suka sauya tambayar. A 1860 James Clerk Maxwell ya ce bai damu da gudun wata molakul guda ba, yana son sanin kashi nawa ne ke gudu kaza, kashi nawa ke gudu kaza. A zafin ɗaki molakul ɗin naitirojin da ke cikin iskar da kike shaƙa suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa a matsakaici, wasu sun fi haka nesa, wasu ba su kai ba. Matsin da kika auna bara da agogon awo, dukan da waɗannan ƙwayoyi ke yi wa bango ne. Awon zafi kuma yana bin matsakaicin kuzarin motsinsu.

Sai Ludwig Boltzmann na Ostiriya ya zo a 1877 da abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan kwas ɗinku, kuma ina kyautata zaton nan ne ƙafarki ta zame. Ki nemo tsofaffin kwabbai huɗu ki watsa. Kowane zai faɗi da fuska ko da baya, hanyoyi 16 ke nan gaba ɗaya. Duka huɗun su zo da fuska, hanya ɗaya ce tak. Biyu fuska biyu baya, hanya shida. "Biyu da biyu" shi ne babban hali, abin da mai kallo daga nesa zai faɗa. Wane kwabo ne ya yi fuska, wane ne ya yi baya, wannan ƙaramin hali ne. Babban hali guda yana iya ƙunsar ƙananan halaye masu yawa, wani kuma kaɗan. Yanzu ki mai da su kwabo 100. Hanyoyin sun haura 10^30, har yanzu "duka fuska" hanya ɗaya ce, kuma wajen kashi 96 cikin ɗari na hanyoyin suna tsakanin fuska 40 da 60. In kwabban miliyan ne, kusan kashi 95 na hanyoyin suna cunkushe tsakanin kashi 49.9 da 50.1. Yawan na ƙaruwa, cunkoson na ƙara tsananta a tsakiya. Boltzmann ya ce entirofi awon wannan yawan ne, yawan ƙananan halayen da ke ƙarƙashin babban halin da kike gani. S = k log W (S entirofi, W yawan ƙananan halayen, k kuma tsayayyen adadin Boltzmann), wadda aka sassaƙa a kan kabarinsa a birnin Biyana, ko da yake Max Planck ne ya fara rubuta ta a wannan siffar. Bara an ba ki entirofi a matsayin zafin da ya shiga a raba da awon zafi, kin haddace, kin yi lissafi da shi, kin ci, amma na san ba a gaya miki abin da yake ƙirgawa ba. Ƙananan halayen nan yake ƙirgawa.

Daga nan amsar babbar tambayarki za ta fito. Ki zuba farar dawa a ƙasan ƙwarya, jar dawa a sama, ki girgiza. Za su cakuɗe. Ki kwana kina girgizawa ba za su koma fara ƙasa ja sama ba. Babu dokar da ta hana ƙwayar farar dawa komawa ƙasa. Hanyoyin cakuɗuwa ne suka rinjayi hanyoyin rabuwa rinjayen da baki ba zai iya faɗa ba. A ƙwarya ƙwayoyi dubbai ne, a cikin iskar ɗakinki kuwa lambar tana da sifili sama da ashirin a bayanta. Zai yiwu iskar ɗakin ta tattara a kusurwa guda ta bar ki kina haki? A takarda akwai yiwuwar, amma ƙanƙantarta ta kai ko za ki jira ninkin shekarun duniya sau biliyoyi ba za ki gani ba. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ya kamata ki riƙe: kaucewa daga matsakaici tana tafiya ne kamar ɗaya a raba da tushen N, wato yawan ƙwayoyin. In ƙwayoyin 100 ne, kaucewar kashi goma cikin ɗari ce, a bayyane take. In 10^22 ne, kamar iskar da ke cikin 'yar kwalba, kaucewar ɗaya ce cikin biliyan ɗari, babu na'urar da za ta ji ta. To malamin bara da ya ce doka ta biyu ba ta karyewa yana maganar injuna da tukwane ne, kuma ya yi gaskiya. Na bana da ya ce yiwuwa ce yana gaya miki dalilin da ya sa ba ta karyewar, da kuma inda za ta fara rawa: a ƙananan abubuwa masu ƙwayoyi kaɗan.

Kada ki raina kanki don wannan ya ɗaure miki kai, ya ɗaure wa manya. A 1876 Josef Loschmidt, abokin Boltzmann ne ma, ya ƙalubalance shi: dokokin motsin ƙwaya guda suna aiki gaba da baya daidai wa daida, ta yaya tarinsu zai haifar da abin da ba ya komawa baya? A 1896 Ernst Zermelo ya zo da nasa ƙorafin. Ernst Mach da Wilhelm Ostwald kuwa, manyan masana na zamanin, ba su ma yarda da atam ɗin ba, suna ganin na gargajiya ya wadatar, me za a yi da abin da ido bai gani ba. Kusan maganar yayanki ke nan. Abin da ya raba gardamar ɗan ƙaramin abu ne. Tun 1827 masanin tsirrai Robert Brown ya lura 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a cikin ruwa ba sa tsayawa, suna ta kaɗawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1905 Albert Einstein ya lissafa yadda kaɗawar za ta kasance in har molakul ɗin ruwa ne ke tunkuɗarsu, Jean Perrin a Faransa ya auna daga 1908, lissafi da awo suka dace, Ostwald ya sallama. Wannan kaɗawar ita ce kaucewar da na gaya miki, ana kallonta da ido, kuma na gargajiya ba shi da wurin ajiye ta. Boltzmann ya rasu a 1906, bai ga awon Perrin ba.

Ɗauki randar gidanku ki gwada idanun biyu a kanta. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, na ciki ya yi sanyi. Idon bara zai ce: kowane giram da ya tashi yana tafiya da jul kusan 2,400, wanda ya isa ya sauke zafin lita guda da fiye da rabin digiri. Ki auna nawa ya tashi, ki san sanyin da za a samu. Da wannan lissafin kaɗai za a iya fahimtar tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Idon bana zai ce: molakul ɗin ruwan ba ƙarfinsu ɗaya ba, masu yawan kuzari ne ke iya kuɓucewa daga riƙon 'yan'uwansu, in sun tafi matsakaicin waɗanda suka rage ya sauka, shi ne sanyin. Da damina kuma iska cike take da danshi, masu dawowa sun kusa kai masu fita, shi ya sa randa ba ta sanyi kamar lokacin hunturu. Randa ɗaya ce, amsoshin ba su yi karo ba.

Hiliyam da naitirojin ɗin da na bari a baya ma ga su. Atam ɗin hiliyam hanya uku yake da ita ta ajiye kuzari, gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Molakul ɗin naitirojin atam biyu ne a haɗe, yana da waɗannan ukun, ga juyawa ta fuska biyu, biyar ke nan. Kowace hanya na cin rabin R, tsayayyen adadin iska, wato jul 4.16. Uku sau 4.16 ya ba da 12.5, biyar ya ba da 20.8. Lambar da bara sai an auna miki, bana kin fitar da ita da biro. Ranar da ɗalibi ya fara ganin haka da hannunsa, yawanci ranar ce kwas ɗin ke daina ba shi tsoro.

Amma kada wannan ya sa ki bi malaminki wajen raina na bara. A iska mai sauƙi da daskararru masu tsari lissafin ƙididdiga na tafiya sumul. Ki kawo masa ruwa, wannan da muke sha, sai gumi ya karyo, domin molakul ɗin a manne suke da juna, ƙirga halayensu sai da manyan kwamfutoci da kintace. Na gargajiya kuwa ko a jikinsa, ruwa da tururi da man fetur duk ɗaya ne a wajensa. Einstein da kansa, wanda ya yi wa na ƙididdiga babbar hidima, ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa cewa na gargajiya ne kaɗai ka'idar da ya haƙiƙance ba za a taɓa rushe ta ba a fagen da take aiki. Duk lissafin ƙididdigar da ya saɓa wa dokokin bara, lissafin ne ke da kuskure. Shi kuma yayanki, in kun haɗu ki tambaye shi cikin ladabi yadda aka san adadin lantarkin da ke iya motsi a cikin silikon ɗin faifan sola da na wayarsa. Kuzarin zafi a ɗaki, kT (k sau awon zafi T), wajen 0.025 ne na elektiron-bolt, ma'aunin ƙaramin kuzari, tazarar da lantarkin zai tsallaka a silikon kuma 1.1. Sanin kashi nawa ne za su tsallaka, da yadda adadin ke sauyawa in rana ta yi zafi, aikin ƙididdigar Fermi da Dirac ce ta 1926. Teburin tururi ba zai ba shi wannan ba.

To, yanzu abin yi. Na tabbata da hadda kika shiga tes ɗin nan, domin ita ta fisshe ki bara: a gane irin tambayar, a ɗauko fomula, a zuba lambobi. Bana fomulolin kaɗan ne, hanyar ce ake tambaya, kuma hanyar guda ce ana ta maimaita ta. Ki jera matakan kuzarin da abin zai iya zama a kai. Ki ba kowane nauyinsa na Boltzmann, e^(−E/kT). Ki tara su, jimillar ita ce Z. Daga Z sai F = −kT ln Z, F ɗin nan kuwa tsohuwar ƙawarki ce ta bara, makamashin Helmholtz. Da zarar kin riƙe ta kin dawo gida, entirofi da matsi da sauransu duk da dabarun bara za ki fitar da su. Wannan tsari, wanda Josiah Willard Gibbs na jami'ar Yale a Amurka ya shimfiɗa a littafinsa na 1902, shi ne gadar da ta haɗa kwas biyun. Wanda ya manta na bara zai tsallaka gadar ya rasa inda zai sa ƙafa, ke kuwa kin fi yawancin ajinku sanin wancan gefen.

Ki fara da mafi ƙanƙanta, abu mai mataki biyu kacal, sifili da E. Ki fitar da Z, da matsakaicin kuzari, ki duba me ke faruwa in zafi ya yi ƙasa sosai, me ke faruwa in ya yi sama sosai, ki zana. Ki maimaita har sai kin yi ba tare da leƙa littafi ba. Bayan shi ki bi lissafin iska mai sauƙi har PV = NkT, dokar da ta haɗa matsi da girman fili da awon zafi, ta fito da kanta a ƙarshen shafi. Kafin duk wannan ki ba lissafin da ke ƙasa mako guda, don sau da yawa ba fiziks ne ke kayar da ɗalibai a nan ba: ƙa'idojin log, ƙirgar zaɓi da jeri, kintacen Stirling na ln N!, tara jerin lambobi masu raguwa, da intagiral ɗin Gauss. Ba su da yawa. Ƙawayen da kike yi wa bita bara kuma ki kira su, ki ce kowa ya zo da tambaya ɗaya ya warware a gaban sauran. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara a makon nan.

Ki je wajen malamin da takardar tes ɗinki a hannu. Kada ki ce masa "ban gane komai ba", ba zai san ta inda zai kama ba, wataƙila ma ya sallame ki da faɗa. Ki nuna masa layin da kika tsaya ki ce daga nan ne ban san abin da ya biyo ba. Ki tafi da ƙawa ɗaya, a lokacin ofis. Maganar "ku manta da na bara" kuma ba sai kin tayar ba.

Ga lissafin makin ma. In tes 30 ne, akwai sauran 70 a jarrabawa. In makin ci a wajenku 40 ne, 33 kike nema, ƙasa da rabi, kuma ina ganin za ki wuce haka. Canjin sashe a aji uku kuwa sau da yawa yana nufin ƙarin shekara, ƙarin kuɗi a kan mahaifin da kike tausayi. In ma kimiyyar sinadarai kika nufa, Z na jiran ki a can.

Baba kuma ki gaya masa, a makon nan, da bakinki. Ki ce tes ɗaya ya ba ki wuya, kin gano dalili, ga abin da kike yi a kai. Uban da ke haɗa kuɗin makaranta da ƙyar ya fi son ya ji daga gare ki yanzu da ya ji daga allon sakamako daga baya, kuma addu'arsa za ta yi miki amfani. In kunya ta hana ki, ki bi ta wajen Mama. Bayan jarrabawa, in kin yi duk wannan kika ga har yanzu ranki ba ya son fannin, ba don tsoro ba, ki sake rubuto mini da sakamakon duka kwasa-kwasanki, mu duba maganar sashen tare.

Allah Ya ba da sa'a.